Shi da Lasisi, Ita da Sitiyari

Tun lokacin da sai an ɗora mata matashin kai biyu kafin ta hango gaban mota, Mai Ƙwai ta san sitiyari. Ubanta bakanike ne. Allah ya ba shi 'ya'ya biyar, duk mata, ita ce ta uku, ita ce kuma wadda ƙafarta ba ta zama. In an taso daga makaranta 'yan'uwanta ɗaki suke shigewa, ita kuwa ta wurgar da jaka ta zarce gareji. Da miƙo sifana ta fara, da riƙe tocila in tsohon ya shige ƙarƙashin mota. Kafin a ankara ita ke gyara wa motoci tsayuwa a filin garejin, ta matsa da wannan, ta zaro waccan da baya ta tsakanin biyu, masu motocin suna tsaye riƙe da baki. Uwar ta yi faɗan baƙin mai a tufafi har ta gaji. Uban kuwa dariya yake yi, ya ce, "Ƙyale ta. Kunnenta ya fi nawa. Mota na tari daga bakin titi, yarinyar nan za ta faɗa miki ko fulogi ne."

Mijinta mai gyaran agogo ne, da ɗan shagonsa a tsallaken garejin. Siririn mutum, maganarsa ƙasa-ƙasa, irin wanda ko biro ya ajiye sai ya daidaita shi da bakin tebur. Agogon tsohon bakaniken ne ya haɗa su: mai ya shige shi, aka aike ta ta kai gyara. Tun daga ranar agogon nan bai sake yin mako guda lafiya ba, kuma ba wanda ya san ciwonsa sai su biyu. Da magana ta kai gaban manya, tsohon ya dubi Mai Agogo sama da ƙasa ya ce, "Ban ƙi ka ba, yaro. Amma ni ba na ba da 'ya ga wanda bai iya mota ba."

Mai Agogo bai yi musu ba. Ya shiga makarantar koyon tuƙi, ya haddace littafin dokokin hanya daga bango zuwa bango, ya je gwaji wata safiya da titi ba kowa, ya ci da guminsa. Aka yi aure, tsohon ya ba su wata tsohuwar mota da ya tayar da hannunsa. Ranar fitarsu ta farko, ango a sitiyari, amarya a gefe, sai ga mai tura baro ya ɓullo daga lungu. Mai Agogo ya kai ƙafa zai taka birki, ƙafar ta sauka a kan totur. Motar ta yi gurnani ta haye tarin yashin da magina suka zube a gefen hanya, ta tsaya hanci sama. Ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Mutumin ya kashe inji a natse, ya sauko, ya zagayo ya buɗe mata ƙofa kamar direban manya, ya ce, "Bismilla, 'Yar Bakanike." Ta matsa ta kama sitiyari. Haka kujerun nan suka zauna shekara talatin da uku.

Sana'ar ƙwai ta same ta ne daga wata gonar kaji a bayan gari da ke neman mai kai kaya shaguna. Maza uku sun gwada, kowanne ya isa da rabin kayan a fashe, domin hanyar ramuka ce zalla. Ita ta ɗauki kiret goma ranar farko, ta kai su cif. Goma ta zama hamsin, tsohuwar motar ta zama farar bas da aka cire wa kujerun baya. Ta san kowane rami a hanyar nan kamar ita ta haƙa shi, ta san wanda ake kauce wa da wanda ake lallaɓawa a shiga a fita. A cikin bas ɗin ta raini 'ya'yanta uku, tsakanin kiret da kiret. Sunanta na yanka ya ɓace, har 'yan'uwanta Mai Ƙwai suke ce mata.

Lasisi kam tana da shi, tun da wuri ta karɓa. Sai dai sabunta shi yana cin yini guda a layi, ita kuwa ba ta da yinin zubarwa, kaji ba su san hutu ba. Kullum sai mako mai zuwa. Masu kula da hanya duk sun san ta, hannu suke ɗaga mata tun daga nesa. Mai Agogo kuwa ba ya samun sukuni in ya san wata takarda ta kusa ƙarewa a gidansa. Saura wata guda wa'adin nasa ya cika zai rufe shago ya je ya bi layi, ya dawo da sabo fil, ya sa a leda ya adana. Nata kuwa ya yi tuni har bakinsa ya gaji.

Babbar 'yarsu ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata, har iyayen. Aiki ya kai ta wata ƙasa, ta yi aure a can, ta haifi tagwaye. Ta daɗe tana magiya iyayen su dawo kusa da ita, har dai takardu suka fito. Ranar da mai saye ya zo tafiya da farar bas, Mai Ƙwai ta yi kukan da ba ta yi wa gidan ba.

Sabon wurin bene ne, hawa na huɗu, ɗakuna uku da ɗan baranda mai kallon filin ajiye motoci. A barandar nan ta yi makonninta na farko tana kallon yadda mutane ke fama da fakin. "Malam, zo ka ga wannan. Sau biyar ke nan yana gaba yana baya, a wurin da tirela za ta shiga." Ga kuma motar gidan can a ƙasa, ja, tsaf da ita, tana shan rana a banza. Mijin Nas, wanda ake kira Injiniya, da motar kamfani yake fita, Nas kuma jirgin ƙasa take hawa zuwa asibiti. Tagwayen sai an hau bas biyu da su kafin a kai makaranta. Kowa ya ga maganin abin: a canza wa Mama lasisinta zuwa na ƙasar, ta karɓi makulli.

Ranar hutun Nas suka tafi ofishin lasisi su uku. Zaure ne babba mai kujeru a jere, a bakin ƙofa wata na'ura tana tofo 'yar takarda mai lamba, a bango allo yana kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya. Mai Agogo ya zo da nasa lasisin ne kawai don kada a bar takarda ba a gyara ba. Da aka kira su, suka tarar da wata mata mai furfura a bayan kanta, tabarau rataye a wuyanta da sarƙa. Nas ce tafinta, domin iyayen ba su kama yaren ƙasar ba tukuna sai na gaisuwa da na cefane.

Matar ta fara da na Mai Agogo. Ta zaro shi daga ledarsa, ta juya shi, ta danna kwamfuta, ta sa tabarau ta sake dubawa, sannan ta ɗago ta yi wata doguwar magana tana murmushi.

"Baba," in ji Nas, tana danne dariya, "cewa ta yi shekara talatin da uku kana riƙe da lasisi, kuma takardar da aka aiko daga can ta nuna ko sau ɗaya ba a taɓa kama ka da laifin hanya ba. Ta ce tunda take aikin nan ba ta ga direba irinka ba."

Mai Agogo ya yi gyaran murya ya dubi silin. "Ce mata ikon Allah ne."

"Ikon Allah ne mana," in ji Mai Ƙwai ƙasa-ƙasa. "Wanda bai shiga ruwa ba ina zai jiƙe?"

Aka kai shi gwajin ido. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaura sukurun da bai fi ƙwayar yashi ba, ya karanta allon har layin ƙarshe, ya zarce ya karanto sunan maɗaba'ar da ta buga shi a can gindi. Aka ɗauke shi hoto, aka ce nan da kwana goma sabon lasisinsa zai iso gida, ba gwaji ba komai.

Sai Mai Ƙwai ta miƙa nata. Ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya tsage, ga tabon mai a daidai goshin hoton. Matar ta riƙe shi da yatsu biyu ta duba, murmushin ya ragu.

"Mama," in ji Nas, "ya mutu."

"Innalillahi! Wa ya mutu?"

"Lasisin. Shekara huɗu ke nan da mutuwarsa. Ta ce mai rai kaɗai ake canzawa."

"To ki ce mata lasisin ne ya mutu, ni ina nan da raina. Ta ba ni makullin kowace mota a filin nan ta gani da idonta."

Nas ta fassara rabi ta haɗiye rabi. Matar ta saurara da ladabi, ta zaro wata takarda ta bi ta da biro layi-layi: sai an fara daga tushe. Jarrabawar dokoki, sannan takardar 'yan koyo, sannan gwaji a kan titi. Kuma muddin tana 'yar koyo ba za ta hau titi ita kaɗai ba, sai da mai cikakken lasisi zaune a gefenta yana lura da ita. Nan fuskar matar ta sake washewa, ta nuna Mai Agogo da biron.

"Ta ce kin yi sa'a," in ji Nas, hawayen dariya na zubo mata, "ga gwani a gida."

A bas ɗin komawa Mai Ƙwai ta cika ta yi fam, ta juya fuska taga. Mai Agogo yana da abin faɗa cike da baki, amma ya san wadda yake aure, sai ya kafa wa direba ido. Sai da suka kusa sauka ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Faɗi mana. Na san yana cin ka."

"Ni? Direban bas ɗin nan nake kallo. Kin fi shi iya kwana."

Ta harare shi, amma bakin ya ɗan saki.

Da lasisin ya iso, wata sabuwa ta ɓullo. Injiniya, mutum mai ladabi wanda bai san tarihin tarin yashi ba, ya ga katin a kan tebur, ya ji labarin shekara talatin da uku ba laifi. Bayan cin abinci ya zo ya rusuna gaban surukinsa, ya miƙa masa makullin jar motar da hannu biyu.

"Baba, ga shi. Ka ɗauka taka ce. Gobe ma in ba damuwa sai ka kai yaran makaranta."

Mai Agogo ya karɓi makullin kamar an damƙa masa garwashi. Ya buɗe baki, kunyar suruki ta rufe shi. Nas ta tsere kicin wai ta bar abu a wuta. Mai Ƙwai ta dubi mijinta ta ga idonsa ya raina fata. Ta so ta bar shi ya ɗan soyu, amma zuciyarta ba ta ba ta ba.

"Ai ba zai taɓa motar nan ba," ta ce. "Alkawari ya yi mini, ba zai yi tuƙi a ƙasar nan ba sai na samu nawa. Wai kada in ji ba daɗi."

Injiniya ya girgiza kai. "Kai, Baba! Irinku sun yi wuya yanzu."

"Sun yi wuya," in ji Mai Ƙwai, ta zare makullin daga hannun mijin ta jefa a jakarta.

Jarrabawar dokoki ba ta ba ta wahala ba, domin ta faɗa hannun gwaninta. Mai Agogo ya samo littafin, Nas ta fassara masa, ya kwafe shi kaf da kyakkyawan rubutunsa, ya zana alamomin hanya da fensir mai launi. Tana yankan albasa yana tambaya, tana shanya yana tambaya. Ta je ta zauna gaban kwamfuta ta ci a zama ɗaya. Aka ba ta takardar 'yan koyo da wata alama da za ta liƙa a bayan mota, don kowa ya san mai tuƙin sabon hannu ce. Ranar da za ta liƙa ta, sai da ta waiga hagu da dama kamar mai shirin sata.

Suka fara fita kullum da hantsi, ita a sitiyari, shi a kujerarsa ta gado, yanzu da sunan malami. Wani tsoho maƙwabcinsu na hawa na biyu, mai zagayawa da ɗan ƙaramin kare, ya tsaya wata rana ya ga ta shigar da motar da baya tsakanin biyu a juyi ɗaya. Ya tafa, ya zagayo ta tagar Mai Agogo ya ba shi hannu, ya yi ta yabonsa da baki da hannu: mako biyu kacal ka koya wa matarka haka! Mai Agogo ya gyaɗa kai a natse irin na manyan malamai. Ita kuwa ta ja birkin hannu da ƙarfin da ya wuce bukata.

Da motar ba ta da matsala, da garin ne suka kasa shiri. A can inda ta fito hon harshe ne: da shi take gaisuwa, da shi take godiya, da shi take cewa ga ni nan tafe, matsa kaɗan ɗan'uwa. A nan ta danna sau ɗaya don gode wa wani da ya ba ta hanya, mutumin ya leƙo rai a ɓace kamar ta zagi iyayensa. Ga kuma alamar tsayawa a wata mararraba da ba kowa.

"Tsaya," in ji Mai Agogo.

"Na rage ai."

"Littafi bai ce rage ba. Tsaya ya ce, taya huɗu cak."

"In tsaya wa wa? Iska? Malam, na hango titin nan tun daga can, ko kyanwa babu."

"Ni dai abin da ke shafi na sha bakwai nake faɗa miki."

"Shafi na sha bakwai ya taɓa tuƙa mota?"

Ta wuce abinta.

Ranar gwaji aka haɗa ta da wani dogon mutum mai allon rubutu, ba fara'a ba faɗa, a cikin motar ofishin. Ya shigo da kofin shayi cike ya ajiye tsakanin kujeru. Minti arba'in suna zagaya gari, shayin nan ko ɗigo bai zuba ba. Ta bi shataletale kamar ruwa, ta tsaya a tsakiyar tudu ta tashi, motar ba ta koma baya ko taku ɗaya ba. A hanya ma ta ji wani ɗan kuka a gaban motar, ta nuna masa da hannu da ɗan yaren da ta iya cewa bel ɗin inji ya saki, a duba kafin ya tsinke. Mutumin ya yi ta rubutu. Ta ɗauka yabo yake rubutawa.

Da suka dawo ya miƙa mata takarda ya yi bayani a hankali, Mai Agogo da ya fi ta kama yaren yana tsinto mata. Ba ta ci ba. Mararraba biyu ba ta tsaya cak ba. Hon sau uku ba dalili. Hannu ɗaya a sitiyari rabin tafiyar. Kuma bai ga ta duba madubi ko ta waiga ba kafin ta canza layi.

"Ban duba ba? Ni? Na ga babur ɗin da ke bayanmu tun shi bai san da zamansa ba!"

"Da wutsiyar ido kika duba," in ji Mai Agogo. "Shi kuma wuya yake so ya ga ya juya."

Ta shiga jar motar ta zauna, ba ta tayar ba. Ta kifa kai a kan sitiyari, sai kuka. Tun zuwansu ƙasar nan ta haƙura da komai: ba ta jin magana, ba ta san kan kasuwa ba, jikokinta ke gyara mata furuci. Abu ɗaya take taƙama da shi a duniya, yau ga wanda aka haifa bayan ta fara juya sitiyari ya rubuta a takarda cewa ba ta ci ba.

Mai Agogo ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya miƙa mata hankici a ninke.

"'Yar Bakanike, ni na fi kowa sanin tuƙinki. Tun da nake kujerar nan ban taɓa riƙe ƙofa don tsoro ba. Mutumin nan bai ce ba ki iya mota ba, ƙa'idar gidansu ce ba ki bi ba. In ka je gari ka tarar kowa da jela, ai kai ma sai ka nemo taka ka liƙa. Ke mota kika iya, ni jarrabawa na iya. Ki ba ni wata guda, amma fa abin da na ce shi za a yi."

Ta fyace hanci. "Har da shafi na sha bakwai?"

"Da shi za mu fara."

Wata guda ya mulke ta, kuma ya ji daɗin mulkin. A kowace alamar tsayawa sai ya ɗaga agogonsa ya ƙirga daƙiƙa uku da ƙarfi kafin ya bari ta motsa. Ya sa Nas ta ara mata dogayen 'yan kunne masu lilo, don duk waigen da ta yi a gan shi. Hon kuwa tara ya sa masa: duk dannawa ɗaya, za ta zauna ta saurari labarin agogo ɗaya da ya taɓa gyarawa, tun daga buɗe murfi har rufewa, ba katsewa. Ranar farko ta ci tarar labari shida. Kafin mako ya zagayo, ko an sha gabanta sai dai ta ciji leɓe ta ce "Allah ya shirye ka", hannu biyu kam a sitiyari.

Wata safiya, a mararrabar nan da ko kyanwa babu, yana kan ƙirga ta biyu sai ga wata mata a keke ta ɓullo daga bayan shinge ta gifta gabansu fuu. Daga ranar dai ba ta sake tambayar wa za ta tsaya wa ba.

A gwaji na biyu dogon nan ta sake samu. Ya dube ta, ya dubi 'yan kunnen, sannan ya nuna gaban motar ya ɗaga mata babban yatsa: an canza bel ɗin, ashe saura ƙiris ya tsinke. Suka hau titi. Ta tsaya cak a duk inda aka ce a tsaya, tana ƙirga uku a ranta da muryar Malam. Ta yi ta waige har 'yan kunnen suna marin kumatunta. Da suka dawo mutumin ya sa hannu a takarda, ya faɗi kalma ɗaya wadda ba ta bukatar tafinta. Ta fito tana ɗaga takardar sama, ta hango Mai Agogo can a inuwa yana safa da marwa. Murna ta sa ta manta kanta, ta zura hannu ta tagar motar ofishin ta danna hon mai tsawo har tattabarun rufin suka tashi. Dogon ya fashe da dariya, karo na farko da ta ga haƙorinsa.

"An riga an sa hannu, ba za a ƙwace ba," in ji Mai Agogo da ya iso. "Amma tarata tana nan. Akwai wani agogon bango na wani mai sayar da takalma da ban taɓa ba ki labarinsa ba."

Da yamma ana cin abinci Injiniya ya ce, "To Baba, alkawari ya cika. Gobe kai za ka ja mu mu zaga gari."

Mai Agogo ya ajiye cokali, ya daidaita shi da gefen faranti, ya ba shi labarin komai tiryan-tiryan, tun daga mai tura baro har yabon matar ofishin lasisi. Injiniya ya yi ta maza don kunya, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, daga ƙarshe ya nemi izini ya fita baranda, aka riƙa jiyo shi daga can. Tsoho mai kare ne kaɗai ba a gaya wa ba. Har yau da girmamawa yake gaida Mai Agogo, har ya taɓa roƙonsa ya koya wa wata 'yar ƙanwarsa.

Yanzu Mai Ƙwai ke kai tagwaye makaranta. Ta kuma samu aiki safiya uku a mako a wata cibiyar kula da tsofaffi, tana kai su ganin likita a wata bas mai ɗan tsani. Tsofaffin ita suke tambaya, sun ce in ita ke ja ƙugunsu ba ya sanin an yi tafiya. Mai Agogo kuma ya samu kusurwa a shagon wani mai yankan makulli, yana canza batir yana tayar da tsofaffin agogunan bango.

Sai dai katin nan ya tsaya masa a rai. Ya ce bai saba ajiye takardar da ke faɗin abin da ba haka ba. Yana da shekara sittin da ɗaya ya je makarantar koyon tuƙi ya yi rajista, ya bar malamin yana juya cikakken lasisi a hannu yana sosa ƙeya. Mai Ƙwai ta ce me ya sa ba zai bari ita ta koya masa ba.

"Ina son aurena," in ji shi.

Bayan wata biyu ya gayyace ta filin wani babban kanti ranar hutu da sassafe, ba mota ko ɗaya. Ta zauna a ɗaya kujerar ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta, ƙafarta kuma sai danna birkin da babu take yi. Shi ya ɗauki minti biyar yana daidaita madubi. Sannan ya tayar, suka motsa a hankali, suka zagaya filin sau ɗaya, ya tsaya cak ya ja birkin hannu.

"Yaya kika gani?"

"Wata mata da keken jariri ta wuce mu."

"Na gan ta a madubi. Na kuma waiga."

"To madalla. Sake zagayawa, wannan karon ka sa giya ta biyu, ba ta cizo."

Har yau bai hau babban titi ba, ya ce sai ya shirya, ita ma ta ce ba gaggawa. Amma ranar hutu shi ke jan su zuwa kantin bakin layi, ya yi fakin can nesa inda ba mota kusa, su taka da ƙafa su yi cefane. In sun fito da kaya ya miƙa mata makulli, ita ta maido su gida.